Wuta Biyu a Murhu Ɗaya: Tarihin Murhun Gashi a Gidajen Amurka

Idan zafi ya kama a Amurka, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, kantunan kayan gida kan jera murhunan gasa nama na gawayi tun daga bakin ƙofa. Akwai kewayayye mai murfi da ke tsaye a kan ƙafa uku, akwai na yumɓu mai kauri mai siffar ƙwai, akwai dogon bututun ƙarfe a kwance da akwatin wuta a gefensa. Mai saye kan tsaya a gabansu da buƙata guda: yana son wanda yau zai ba shi wuta mai ƙuna da za ta sa bayan tsoka ya yi ja cikin minti biyar, gobe kuma ya ba shi ƙaramar wuta mai hayaƙi da za ta yini tana nuna ƙirjin sa har ya yi laushi. Masu talla kan nuna masa cewa matsalar ta kuɗi ce, wai idan ya ƙara daloli zai samu duka biyun. Ni kuwa abin da tarihin waɗannan murhuna ya nuna mini shi ne, ruɗanin ya girmi kantunan da kamfanonin. Al'adu biyu ne daban, masu asali daban, aka haɗa su a farfajiyar gida ɗaya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma kowane murhu da ake sayarwa yau yana ɗauke da gadon ɗayarsu fiye da ɗayar.

Dalilin rabuwar yana cikin naman kansa. Tsokar bayan sa, wadda ba ta wahala wajen tafiya, tana da taushi tun tana ɗanya, abin da take so kawai shi ne zafin da zai busar da samanta ya mai da shi ja mai ƙamshi kafin cikinta ya bushe. Wannan jan da ƙamshin suna fitowa ne daga haɗuwar sukari da sinadaran gina jiki a kan zafi, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, kuma ba ya kankama sai saman naman ya haura digiri 140 a ma'aunin Salshiyos. Don haka mai irin wannan gashi yana son ragarsa ta wuce digiri 260, garwashi kuma ya kasance dab da nama. An daɗe ana cewa wannan ƙuna tana toshe ruwan nama ne a ciki, ra'ayin da masanin Jamus Justus von Liebig ya yaɗa a 1847, amma gwaji ya ƙaryata shi tuni. Ɗanɗano ne ribar, ba wani abu ba. Ƙirji da kafaɗa da haƙarƙari kuwa cike suke da jijiya da tantani. Idan aka ɗora su a wuta mai ƙuna, waje zai ƙone ciki na nan da tauri. Sai an bar su a zafin digiri 105 zuwa 120 na awa goma ko goma sha biyu jijiyar ke narkewa. A tsakiyar aikin ma, idan cikin naman ya kai wajen digiri 65 zuwa 70, zafinsa kan tsaya cik na awanni, saboda ruwan da ke fita daga jikinsa yana sanyaya shi. Gashi na farko yana son kusanci da iska mai yawa, na biyu yana son nisa da iska a ƙayyade.

Gashin hayaƙi shi ne babba a shekaru, kuma ba a gida aka haife shi ba. Tun a 1526 marubucin Sifaniya Gonzalo Fernández de Oviedo ya bayyana yadda mutanen asalin yankin Karebiyan ke kafa ragar itace sama da wuta suna gasa nama da kifi a hankali. Daga baya al'adar ta yi jijiya a kudancin ƙasar da ta zama Amurka, inda ta zama abincin taro. George Washington ya rubuta a kundinsa na 1769 cewa ya je irin wannan walima a garin Alexandria har ya kwana can. Yadda ake yi shi ne a haƙa dogon rami, a ƙona itace mai tauri irin su hikori a gefe guda har ya zama garwashi, a riƙa kwasowa da shebur ana zubawa a ramin, a shimfiɗa dabba sukutum a kan sanduna, galibi alade, wani lokaci tunkiya ko sa. Aiki ne na dare guda cur, kuma a mafi yawan Kudu bayi baƙaƙen fata ne ke yinsa, su ne suka san lokacin ƙara garwashi da lokacin juya nama, alhali sunan mai gona ko ɗan siyasar da ya kira taron ake ambata. Bayan an soke bauta a 1865, wannan ilimi ya zama sana'a a hannun 'ya'yansu da jikokinsu. Henry Perry, wanda ya fito daga jihar Tennessee, ya fara sayar da naman hayaƙi a Kansas City wajen 1908, yana naɗe shi a takardar jarida, kuma daga hannunsa salon wannan birni ya samo asali. Girman abin bai ragu da wuri ba: a bikin rantsar da gwamnan Oklahoma Jack Walton a 1923, ramukan da aka haƙa an ce tsawonsu ya kai mil guda.

A tsakiyar Teksas hanyar ta ɗan bambanta. Mahauta 'yan asalin Jamus da ƙasar Cek, a garuruwa irin su Lockhart inda aka buɗe Kreuz Market a 1900, ba su da firiji, sai su saka naman da bai sayu ba a dogon murhun bulo, wuta na ci a ƙarshe ɗaya hayaƙi na ratsawa zuwa ɗaya ƙarshen. Masu tsinkar auduga su saya su ci a tsaye a kan takarda. A Owensboro ta jihar Kentucky kuma naman tunkiya aka fi yi. Abin lura a nan, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da mutum ɗaya ke yi wa iyalinsa da yamma bayan ya taso daga aiki. Akwai fili, akwai itace tuli, akwai hannaye da yawa, akwai lokaci.

Gashin gaggawa na farfajiya kuwa ɗan masana'anta ne, kuma labarinsa ya fara da mota. Motar Model T ta Henry Ford tana cin katako mai yawa a gangar jiki da ƙafafu, don haka wajen 1920 Ford ya sayi daji fiye da eka 300,000 a arewacin jihar Mishigan, da taimakon Edward G. Kingsford, wani dillali a Iron Mountain da ke auren 'yar uwar Ford. Injinan yanka katako suka riƙa tara guntaye da gari tsibi-tsibi, Ford kuma mutum ne da ba ya ƙaunar asara. Sai aka ɗauki dabarar wani masanin kimiyya na Jami'ar Oregon, Orin Stafford, aka riƙa mai da wannan shara gawayi, a niƙa, a kwaɓa da sitaci, a cura ƙanana-ƙanana masu girma ɗaya. Ba Ford ne ya ƙirƙiro curarren gawayi ba, domin Ellsworth Zwoyer na Pennsylvania ya yi rajistar irinsa tun 1897. Abin da Ford ke da shi wanda Zwoyer ba shi da shi shi ne dillalan mota a kowane lungu na ƙasar, kuma ta hannunsu aka riƙa sayar da buhun gawayin haɗe da ɗan ƙaramin murhu na masu fita shaƙatawa. A 1951 wasu 'yan kasuwa suka sayi sashen suka sa masa sunan Kingsford, sunan da har yau ya fi kowane yawa a buhunan gawayin Amurka. Muhimmancin wannan curi ya wuce yadda ake ɗauka. Kafinsa, mai son garwashi sai ya san itace, ya san yadda ake ƙona shi. Bayansa, kowane curi daidai yake da ɗan uwansa, yana ci a lokaci guda da zafi guda, har mutum na iya ƙirga su ya san wutar da zai samu. An cire rabin ilimin daga hannun mai gashi an zuba a buhu.

Sauran rabin labarin gidaje ne. Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta sauƙaƙa musu bashin sayen gida, magina suka fantsama wajen birane. A Levittown kaɗai, kusa da New York, an gina gidaje fiye da 17,000 tsakanin 1947 da 1951, kowanne da ɗan fili mai ciyawa. Miliyoyin magidanta da ba su taɓa ganin ramin gashi ba suka samu wurin kunna wuta a waje. Abin da kasuwa ta fara ba su shi ne buɗaɗɗen faranti na ƙarfe mai ƙafafu, gawayi a ciki, raga a sama. Ba ya iya komai sai gashin gaggawa, kuma ko shi ba ya iyawa sosai: iska ta kaɗa toka ta hau nama, kitse ya ɗiga wuta ta tashi, kaza ta ƙone a waje cikinta da jini. Amma ya dace da abincin da ake ɗora masa, wato hambaga da sosej da siraran yankan nama, kuma ya dace da mutumin da ke da awa ɗaya kacal. A wannan lokaci ne aka ɗauki sunan tsohuwar walimar Kudu aka liƙa wa wannan sabon abu, har yau kuma mutanen Kudu ba su daina jin haushin hakan ba.

A 1952 George Stephen, ma'aikaci a kamfanin Weber Brothers Metal Works na Shikago, ya kawo gyaran da ya fi kowane tasiri. Kamfanin na ƙera manyan tulunan ƙarfe da ake sakawa a ruwa don nuna wa jirage hanya, kowanne daga rabi biyu da ake haɗawa. Stephen ya ɗauki rabi ɗaya ya sa masa ƙafafu, ya yi murfi da wani, ya huda kafofin iska a ƙasa da sama. Ya fi buɗaɗɗen faranti tsada nesa ba kusa ba, amma ya samu karɓuwa, har Stephen ya mallaki kamfanin kafin ƙarshen shekarun 1950. A ganina murfin da kafofin su ne ainihin ƙirƙirar, siffar ado ce kawai. Gawayi ba ya ci sai gwargwadon iskar da ya samu. Muddin wuta a buɗe take, mai gashi ba shi da iko da zafinta sai dai ya matsar da nama ko ya yayyafa ruwa. Da zarar an rufe ta aka bar mata ƙofa mai buɗewa da rufewa, ya samu linzami. Ya buɗe, ta yi ƙuna. Ya tsuke, ta lafa ta daɗe. Ta nan ne ƙaramin murhun magidanci ya fara samun damar kwaikwayon abin da rami ke yi.

Wani zai ce wannan duk tatsuniyar kamfanoni ce, wadda sashen talla ya goge ya gyara. Akwai gaskiya a ciki. Stephen ba shi ne na farko da ya rufe gawayi da murfi ba: Grant Hastings ya fara ƙera Hasty-Bake a Tulsa a 1948, mai murfi da tiren gawayi da ake ɗagawa a sauke, kuma a 1952 ɗin nan Hilton Meigs ya fito da Portable Kitchen a Teksas, na zubin alminiyam mai kafofin iska huɗu. Sai dai wannan ƙarin hujja ce, ba rushe ta ba. Mutane uku a jihohi uku, cikin shekara huɗu, ba tare da sun haɗa baki ba, suka ga lahani guda a buɗaɗɗen faranti suka nemi magani ta hanyoyi biyu rak, ko dai a mallaki iska ko a mallaki tazara. Masu kiwon shanu na kwarin Santa Maria a Kalifoniya, waɗanda ragarsu ke hawa da sauka da ƙafar juyawa, sun zaɓi tazara. Har yau babu hanya ta uku.

Kusan shekara talatin bayan haka, hayaƙi ya dawo neman haƙƙinsa. An fara gasar gashi ta Memphis a 1978, ta American Royal a Kansas City a 1980, kuma magidantan da suka ɗanɗani naman rami suka fara son yin irinsa a gida. Weber da kansa ya amsa cewa kewayayyen murhunsa bai isa ba, domin a 1981 ya fito da Smokey Mountain, doguwar ganga a tsaye mai gawayi a ƙasa, kwanon ruwa a tsakiya, nama a can sama. Ruwan na tare zafi, don haka tana iya riƙe ƙaramar wuta dare guda, amma ba ta iya sa tsoka ta yi ja. A Teksas da Oklahoma kuma masu walda na rijiyoyin mai, musamman da kasuwar mai ta faɗi a shekarun 1980, suka koma yanka manyan bututu suna mai da su murhu: akwatin wuta a gefe, bututun hayaƙi a ɗaya ƙarshen, wato murhun bulo na mahautan Lockhart aka mayar ƙarfe aka sa masa taya. Joe Davidson ya kai guda goma sha biyu kasuwar baje kolin jihar Oklahoma a 1987, daga nan kamfanin Oklahoma Joe's ya tashi. Wannan murhu shi ya fi kowane kusa da asali, kuma shi ya fi kowane neman bauta, domin faskaren itace yake ci, ana ƙara masa kusan duk rabin awa. Ƙarfinsa na cikin kaurin ƙarfensa, kimanin milimita shida. Kantuna sun cika da kwaikwayonsa na siririn kwano, wanda zafi ke tserewa ta kowace kafa, gefen wuta na ƙonewa ɗaya gefen na sanyi. Araha ba ta ado, kuma mutane da yawa da suka yanke ƙauna da gashin hayaƙi, irin wannan suka fara saya.

Ƙalubale mafi ƙarfi ga abin da nake faɗa shi ne murhun yumɓu. Asalinsa tukunyar dafa shinkafa ce ta Japan, wadda sojojin Amurka suka gani bayan yaƙi suka riƙa kawowa gida. Ed Fisher ya buɗe kanti a Atlanta a 1974 yana sayar da su, daga nan aka samu Big Green Egg, aka kuma maye tsohon yumɓu mai tsagewa da tangaran mai jure zafi. Masoyansa na cewa shi ya kashe gardamar: da gawayi cikin kwano ɗaya zai riƙe digiri 110 fiye da awa goma sha biyu, in kuma aka buɗe kafofinsa zai haura digiri 350. Hakan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma kaurin da ya ba shi wannan iko shi ne kuma tarnaƙinsa. Babban samfurin ya haura kilo 70, kuma idan jikinsa ya ɗauki zafi ba ya saki da wuri. Wanda ya bari ya zarce inda yake so zai daɗe yana jiran ya sauko. Wutarsa a tsakiya take ƙarƙashin raga mai faɗin santimita 46, don haka in ana son gashin hayaƙi sai an shimfiɗa faifan tangaran tsakanin wuta da nama, in ana son ƙuna sai an cire shi da zafinsa. Sannan da yake gawayi kaɗan yake ci, iska kaɗan ke ratsa shi, hayaƙinsa bai kai na bututun Teksas tsabta da yawa ba. Yana yin aikin biyu, amma ɗaya bayan ɗaya, da sauya kaya a tsakani.

Kewayayyen Weber mai faɗin santimita 57 yana bi ta wata hanya. Ana tara gawayi a gefe guda a bar ɗaya gefen fayau, sai a samu wuri mai ƙuna da wuri mai sauƙi a ƙarƙashin murfi ɗaya, nama na tafiya tsakaninsu. Don dogon gashi, ana jera curarren gawayi a kewaye da bango, a ɗora guntayen itace a kai, a kunna ƙarshe ɗaya wuta ta riƙa bi a hankali, dabarar da ba za ta yiwu ba in ba don curin Ford mai girma ɗaya ba. A nan ne wasu ke cewa ashe gwaninta ce komai, murhu ba komai ba ne. Mai tsire a Kano zai iya goyon bayansu, tunda da tukuba kawai, tudun toka da wuta a tsakiya, yana matso da tsinke yana janyewa yana samun zafin da yake so. Amma mai tsire bai taɓa cewa tukubarsa za ta yi aikin masu bandar kifi na Baga ba. Kowa da murhunsa, domin kowa da wutarsa. Gwani zai fitar da ƙirjin sa mai kyau daga siririn murhun Weber, sai dai zai biya da barcinsa, yana leƙa ma'auni yana gyara kafa duk lokacin da iska ta juya, kuma rabin ragar kawai zai yi amfani da shi. Aikin da mutum goma ke yi a bakin rami bai ɓace ba. Ko dai a saye shi da kuɗi a kaurin ƙarfe da tangaran, ko a biya shi da jiki. Shi ya sa nake ganin wanda yawancin gashinsa na yamma ne, hayaƙi sai jefi-jefi, kewayayyen murhu mai murfi ya ishe shi. Wanda kuma hayaƙi ne burinsa, gara ya sayi abin da aka ƙera don hayaƙi ya ajiye ƙaramin kasko a gefe don ƙuna, da ya nemi ɗaya da zai tauna taura biyu.

Saura masu cewa gardamar ta tsufa, tunda murhun gas ya zarce na gawayi a kasuwar Amurka tun shekarun 1990. Suna da hujja guda da masoya gawayi ba sa son ji: gawayin da ya kama sosai kusan ba shi da ƙamshi na kansa, domin abubuwan da ke ba hayaƙi ɗanɗano sun riga sun fita lokacin da ake ƙona itacen. Ƙamshin gashin gaggawa daga kitsen da ke ɗiga a wuta yake, na gashin hayaƙi kuma daga guntayen itacen da aka ƙara. Abin da gawayi ya fi gas da shi shi ne zafin garwashi mai dukan nama kai tsaye, da kuma sauƙin tsuke masa iska, abin da ba a yi wa gas saboda haɗari. Sabon mai neman gadon shi ne murhun da Joe Traeger na Oregon ya yi wa rajista a 1986, mai cin ƙananan curin garin katako da injin lantarki ke turawa cikin wuta kaɗan-kaɗan, fanka na hurawa, na'ura na lura da zafi. Ya ɗauke wa mai gida tsaron dare gaba ɗaya, kuma tun da rajistar ta ƙare a 2006 kamfanoni da yawa suka shigo. Amma don ya riƙe ƙaramar wuta daidai, dole aka sa farantin ƙarfe tsakanin wuta da raga, kuma wannan faranti ya hana shi ƙuna. Masu ƙera shi sun san da haka, shi ya sa sababbin samfura ke zuwa da ƙofar da ake zamewa a buɗe wutar, ko kuma da wani ƙaramin murhun gas da aka ɗaura a gefe don a sa tsoka ta yi ja.